Abin da Goɗiya Ta Gaya wa Turke

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na Fassi ba don mu ake hura ta ba, don dawaki ne. Da an idar da sallar isha'i Baba zai tara busasshen kashin shanu kusa da barga, ya cinna, ya ɗora ɗanyen ganye a kai don hayaƙi ya kori sauro daga jikin dabbobinsa. Mu yara albarkacin dawaki muke ci. Ɗakin Iya, mahaifiyar Baba, yana kallon bargar, don haka sai ta jawo tabarma bakin ƙofarta, ta aike ni in ɗebo mata garwashi a kasko, ta binne gyaɗa a toka, ta ɗauko mazarinta da auduga. Kafin gyaɗar ta gasu yaran maƙwabta sun cika tabarmar, kowa yana ture kowa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi.

Ni nake zama daf da ita, domin ni ne mijin. “Maigidana” take kirana, kuma ba ta taɓa bari na ji daɗin muƙamin ba. “Miji ba cefane, sai cin gyaɗar mata,” in ji ta, alhali tana ɓarewa tana zuba mini a tafin hannu. In na ce zan sake ta in auri wadda ta fi ta haƙora, sai ta ce in je mana, ai ita ma samari masu babur suna ta aiko mata da goro. Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Takan ce, “Ga wata nan a bakin ƙofa tana sallama.” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.”

Baba manomi ne. Ba shi da sarauta, ba shi da wata dukiya, son doki ne kawai Allah ya jarabce shi da shi. In an kawar da amfanin gona, gonaki suka koma fili, manoma irinsa daga Fassi da Saji da Rurum sukan sa rana su haɗu su yi sukuwa, daga gindin wata tsamiya zuwa wata kuka. Wanda ya zo na ɗaya wani lokaci ya samu turmin atamfa, wani lokaci kuwa sai dai a yi ta zancensa a kasuwa har shekara ta zagayo. Baba ya fi son zancen kasuwar.

Dawakinsa uku ne a lokacin, kuma da launinsu muke kiransu. Akawal baƙi ne wuluk, mai zafin kai. Da ya ji an taka likkafa ya fara rawa, in ba ka da ƙarfin hannu sai ya kai ka inda ba ka yi niyya ba. Shi Baba yake hawa da kansa, kuma ina jin don halinsu ya zo ɗaya ne. Danda kuwa malalaci ne mai wayon tsiya. In za a ɗaura masa sirdi sai ya kumbura ciki, ana gama ja ya saki numfashi, sirdi ya yi sako-sako, mahayi ya tafi a karkace. Ba ya gudu sai in an juyo da kansa wajen gida. Na ukun shi ne Kili, fari siriri, wanda duk ƙasar nan an yarda babu mai gudunsa, amma ga tsoro. Leda in iska ta ɗaga ta sai ya zabura, inuwarsa ma wani lokaci ba ya yarda da ita. Duk su ukun linzami ɗaya Baba yake sa musu, wani tsohon ƙarfe mai nauyi da ya gada wurin mahaifinsa, mai zobe a haɓa da harshe a ciki, wanda in an ja shi doki ya san an ja.

Baba shi ne ɗan farin Iya, kuma ta riƙe masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta faɗin sunansa. Sunansa Idi, saboda haka ko masallacin idi ba ta kiransa haka, sai ta ce masallacin bayan gari. Mukan ɗana mata tarko, mu ce, “Iya, ranar salla ina ake zuwa da safe?” Sai ta ce, “Inda ubanku yake zuwa, 'yan nema.” In tana da magana da shi, ko da yana tsaye taku kaɗan daga ita, ni za ta kalla ta ce, “Maigidana, ka ce wa mai dawakin nan hayaƙinsa ya ishe ni.” Ni kuma in juya in maimaita masa abin da ya riga ya ji, ya ce, “Ka ce mata za a rage.” A wurinmu abin dariya ne, ba mu san akwai ranar da zai yi nauyi ba.

Shi ma Baba haka ya riƙe wa nasa ɗan farin, Yaya Habu. “Kai,” ko “wannan,” ko “yaron nan,” da su yake kiransa. Yaya Habu a lokacin saurayi ne da gemu bai fito masa ba, marar jiki, marar magana. Da dawaki ya fi hira fiye da mutane. Shi yake yi musu wanka, shi yake yanko ciyawa, kuma saboda rashin nauyinsa shi ake ɗorawa a kan Kili ranar sukuwa. Yana son Baba so mai tsanani; in Baba ya ce masa “to, ba laifi” a kan wani aiki, ranar sai ka ga yana murmushi shi kaɗai. Sai dai da wuya ya samu ko da wannan.

A shekarar da nake ba da labari an yi sukuwa a wajen Saji. Kafin a tashi na ji Baba yana ce masa, “Ka riƙe shi da ƙarfi, kar ka sake masa baki.” Aka tashi, Kili ya fice kamar an harba shi, ya ba sauran tazara. Da suka kusa taron mutane, wani ya doka ganga don murna. Kili ya firgita ya yi gefe, Yaya Habu ya ja linzami kamar yadda aka ce masa, ƙarfen ya yanki bakin dokin. Ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya watsar da shi cikin tarin kara, ya yi daji da jini a baki. Yaya Habu ya tashi yana ɗingishi. Baba ya iso a kan Akawal da linzamin aro, bai tambaye shi ko ya ji ciwo ba, ya dube shi daga sama a gaban kowa ya ce, “Da buhun gero na ɗora masa da ya fi ka amfani.” Mutane suka yi dariya, wasu don abin ya ba su dariya, wasu don ba su san abin da za su yi ba. Yaya Habu ya bi sawun dokin.

Daga ranar ya daina zama a bakin wuta, tuwonsa ma sai ya kwana a rufe. Ɗaki ɗaya muke kwana, don haka na ga lokacin da ya cusa rigunansa cikin wata jakar buhu ya tura ƙarƙashin gado. Da ya ga na gani sai ya ce, “Na yi magana da wani yaron mota. Ranar kasuwar Kibiya zan bi su Kano, daga can in yi kudu. In ka gaya wa Baba, ba ni ba kai.” Na ce yaushe zai dawo, ya ce wanda buhu ya fi shi amfani me zai dawo ya yi. Na tsorata ƙwarai, domin akwai samarin garinmu da suka tafi haka, sai dai a ji labarinsu a bakin direbobi. Na yi ta juya maganar, daga baya na lura bai ce kar in gaya wa Iya ba.

Na same ta da la'asar tana kaɗi. Ta saurare ni har na gama, mazari bai tsaya ba. Na ce, “Iya, ki kira Baba ki yi masa faɗa mana, ai ke kika haife shi.” Ta ce, “Don na haife shi ne ba zan iya ba.” Ta naɗe zaren da ta kaɗa, ta daɗe tana kallon barga, sannan ta ce, “Ka gaya wa yara yau akwai sabuwa.”

Bayan isha'i muka taru. Baba yana can cikin hayaƙi yana goge jikin Akawal, muna jin ƙarar burushinsa. Iya ta yi sallamar tatsuniyarta, muka ba ta tabarma, amma na lura muryarta ta fi ta kullum ɗagawa, kamar mai magana da kurma.

Ta ce wani mutum ne yana da goɗiya, ta haifa masa dawaki uku, ɗaya bayan ɗaya. Sai uwar mutumin ta kwanta ciwo, aka ce ba ta da magani sai ruwan wani marmaro da ke bayan duwatsu, wanda ba ya ɓulɓulowa sai da fitowar rana, da rana ta ɗaga kuma ya koma ƙasa. Mutumin yana da linzami ɗaya na ƙarfe. Ya sa wa autan dawakin, mai zafin kai, suka isa da wuri, amma dokin ya ƙi tsayuwa, ya yi ta rawa har ya tattake marmaron ya mai da shi taɓo. Kashegari ya sa wa na tsakiya, mai son ciki, wanda duk gonar da suka wuce sai ya tsaya ya gaishe ta. Suka isa rana ta take, ko danshi babu. A nan Iya takan kwaikwayi taunar dokin da dasashinta, mu yi ta birgima don dariya. Rana ta uku ya sa wa ɗan farin goɗiyar, wanda ya fi su gudu duka. Tun da ƙarfen ya shiga bakinsa jikinsa ya hau rawa. Da aka ja shi sai ya haukace, ya jefar da mutumin cikin ƙaya. Mutumin ya dawo gida yana huci, ya ce gobe zai kore shi daji kuraye su huta da shi.

“To da dare ya yi,” in ji Iya, “goɗiya ta rasa yadda za ta yi. Sai ta juya ta kalli turken da aka ɗaure ta, ta ce, ‘Turke, kai da ba ka da kunne, bari in gaya maka. Ni na haifi 'ya'yan nan, ciki ɗaya, amma ba baki ɗaya na ba su ba. Autan, in ba a riƙe shi ba zai halaka kansa. Na tsakiyan, in ba a tsikare shi ba a kwance zai tsufa. Shi kuwa na farin, babu abin da yake so kamar ya san abin da mai shi yake nufi ya yi masa. Amma da an sa masa ƙarfen nan ba ya jin komai sai zafi, zafin ya toshe masa kunne. Wannan da zare ɗaya ma sai a kai shi bangon duniya.’”

Wata yarinyar maƙwabta ta ce, “Iya, me ya sa ba ta gaya wa mutumin ba, sai turke?”

Iya ta ce, “Kunya, 'yar nan. Goɗiya ma tana da kunya.”

A daidai nan na lura ƙarar burushi ta tsaya. Iya ba ta waiga ba. Ta ci gaba ta ce ashe mutumin yana bayan zana yana ji. Da asuba ya shiga ɗakin uwarsa ya tsinko zare daga mazarinta, ya ɗaura wa dokin a wuya, ya shafa shi, ya raɗa masa inda za su. Dokin ya tafi kamar iska, ya tsaya cak a bakin marmaro, suka cika gora suka dawo rana ba ta ɗaga ba. Tsohuwa ta sha ta miƙe. “Tatsuniya ta naɗe tabarmarta ta yi gaba,” in ji Iya, “ku ma kowa ya nemi uwarsa.”

Na kwanta da murna, na tabbata an gama. Da safe kuwa na ga Baba ya rataye tsohon linzamin a jikin bango, ya sa wa Kili ragama ta igiya kawai, ya daɗe yana shafa wuyansa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, sannan ya hau ya fita kilisa. Ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir. Kashegari ma haka. Ya kira ni ya damƙa mini goro manya farare ya ce, “Kai wa Iya. Ka ce mata dokin nan ya zama wani daban, ko yaro zai iya hawansa.” Bai rufe baki ba ya hango Yaya Habu a tsaye, sai ya ce, “Kai, wannan, ka zuba mini ido, ba za ka kawo musu ruwa ba?” Ya ƙara da cewa sukuwar Rurum mai zuwa ɗan maƙwabcinmu zai ba Kili, don ba zai sake jin kunya a gaban mutane ba. Yaya Habu ya ɗauki bokiti ya tafi rijiya.

Na kai wa Iya goron na faɗi saƙon, na kuma faɗi abin da ya biyo baya. Ta juya goron a hannunta. Iya da ba ta iya ganin goro ta ƙyale, ranar ajiye shi ta yi a gefen tabarma. Ta ce, “Allah sarki. An yi wa doki magani.”

Ranar kasuwa na farka na ga tabarmar sallar Yaya Habu a naɗe, jakar buhu babu ita. Na ruga ɗakin Iya. Tana zaune da carbi a hannu, na faɗa mata ina kuka. Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fito tsakar gida. Ban taɓa ganin ta taka wajen barga ba in Baba yana wurin, amma ranar kai tsaye ta nufa. Yana sunkuye yana dama wa dawaki dusa da kanwa. Ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido.

“Idi,” ta ce.

Umma, mahaifiyarmu, tana daka a bakin madafa, taɓarya ta tsaya a sama. Baba ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci, sai kawai na ga ya durƙusa, hannunsa duk dusa. Ya ce, “Na'am, Iya.”

“Ba da Kili nake ba.”

Ya sunkuyar da kai.

“Ɗanka yana tasha. Tun ranar da na haife ka nake jin kunyarka, yau na ajiye ta, don na ga tana neman ta cinye mini jika. Kai ma ka ajiye taka ka je.”

Ta juya ta koma ɗaki ta saki asabari, ba ta sake fitowa ba har rana ta faɗi. Baba ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya kwance Kili, ya haye ba sirdi, ya fita.

Kafin azahar muka hango su tafe, Baba a ƙasa, Yaya Habu a ƙasa, doki a tsakaninsu ba kowa a kansa. Suka shigo, Yaya Habu ya ɗaure Kili ya kawo masa ruwa, Baba ya shiga ɗaki. Babu wanda ya yi bayani, babu wanda ya tambaya. Bayan isha'i Yaya Habu ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, Iya ta tura masa gyaɗa fiye da tawa, na yi ƙorafi, ta ce miji mai kishi da yayansa ba ta ga amfaninsa ba. Can ta dube ni ta ce in ce wa mai dawakin nan ya rage hayaƙi. Ta koma gidan jiya, kuma har ta bar duniya ban sake jin sunan Baba a bakinta ba.

Yaya Habu ne ya hau Kili a Rurum, da ragama. Bai zo na ɗaya ba, wani doki aharas daga Saji ya tsere masa a ƙarshe. Da ya sauko Baba ya karɓi ragamar ya ce, “To, ba laifi.”

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Rano, kuma ciwon gidanmu bai ƙyale ni ba. Ina da dawaki a bayan gida, ina fita sukuwa ranakun hutu tare da wasu malamai da 'yan kasuwa da ba mu da abin da muke nema sai nishaɗi da ciwon baya. Ban cika cin komai ba. Ina da wani doki bidi da sai na yi da gaske nake tsayar da shi, ina da wata goɗiya da in na ɗaga mata murya ranar ta ɓaci ke nan, sai dai in sauka in jawo ta. Kowanne da abin da nake sa masa a baki, kuma abokaina suna ce mini na iya doki. Nakan yi dariya, don na san wannan shi ne rabin da Baba ma ya gane tun a daren farko, kuma shi ne rabi mai sauƙi.

Da na fara koyarwa sai na ɗauka tatsuniyar ta yara ce, cewa kowane yaro da irin riƙon da yake so. Haka ne, kuma ta yi mini amfani a aji. Amma da shekaru suka ja, goɗiyar nake yawan tunawa. A gidajenmu so da yawa ta wurin turke yake bi. Uwa tana son ɗanta har ba ta iya kallonsa, uba yana alfahari da ɗansa sai dai ya faɗa wa abokansa a kasuwa, shi ɗan bai taɓa ji ba. Ni ma ina da ɗan fari, kuma ba na kiran sunansa. Haka na tarar, ba na kuma ganin abin a matsayin laifi, yana da kyaunsa. Abin da Iya ta bar mini shi ne in riƙa duba ko saƙon yana isa. Ta gwada hanyar da ta sani, ta ga ya sauka a kan doki, sai ta ɗauki abin da ya fi mata wuya a duniya ta yi shi a fili a gaban surukarta da jikanta. Ina ƙaunarta saboda wannan fiye da duk gyaɗar da ta ɓare mini.

Yaya Habu bai sake zancen tafiya ba. Shi ya riƙe gidan Fassi da gonakin, shi ya yi jinyar Baba, shi yake juya shi a kan gado in ya gaji da kwanciya. Bayan rasuwar Baba, da masu gaisuwa suka ragu, muna zaune ni da shi a bakin barga, gemunsa ya yi fari, sai na tambaye shi abin da na daɗe ina son sani. Na ce, “Yaya, wai ranar nan me ya faru a tasha?”

Ya amsa yana murza wata igiya a hannunsa.

“Ina cikin mota, a baya, an kusa tashi. Sai na ji an ce, ‘Habu.’ Na leƙa ina neman mai kirana, na duba nan na duba can, ban gan shi ba. Baba yana tsaye a gabana riƙe da doki, amma idona ya wuce shi, don ban san sunana da muryarsa ba. Sai da ya sake faɗa.”

Na ce, “Sai me ya ce?”

“Bai iya cewa komai ba. Da na sauko ya miƙo mini ragama ya ce in hau, shi zai taka. Na ce wane ni in hau yana ƙasa, a tsakiyar kasuwa. Ya ce shi ma ba zai hau ba. Shi ke nan muka kamo hanya. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce, ‘Malam Idi, lafiya dokin?’ Ya ce, ‘Lafiya lau, hutawa yake.’”

Muka yi dariya mu biyu, har ya kai hannu ya share ido da bakin rigarsa.

Na ce, “Bayan nan ya ci gaba da kiran sunan?”

Ya girgiza kai. “Bai sake ba har ya rasu. Ni ma ban nema ba. Na ranar nan ya ishe ni.”